Wai katin talakawa

Kwana biyu ke nan ina danne maganar nan, zuciyata ta ƙi. Waɗanda suka zo majalisarmu ta masu wasan katin Yu-Gi-Oh a Mabera, nan Sakkwato, ranar Asabar bayan la'asar sun ga abin da ya faru, waɗanda ba su zo ba kuma labari ya riga ya iske su a WhatsApp, don haka ba sai na tsaya warwara ba. Abin da aka yi wa yaron nan rashin mutunci ne, mu da muka zauna muka yi shiru kuma muna da namu kason. Ba zan kama suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Yaro bai fi shekara 16 ba, ya biya kuɗin kabu-kabu tun daga Arkilla cikin ranar nan mai dafa ƙwaƙwalwa, ya yi sallama, ya gaida kowa, ya zaro dek ɗinsa na Yu-Gi-Oh, wato tarin katunan da yake wasa da su, daga cikin wani tsohon kwalin waya. Kai kuma da ka ba shi shekara goma, ka ɗauki katunansa da yatsa biyu kamar ka tsinci abin ƙazanta, ka juya su, ka ce a gaban mutane: "Wanga ai katin talakawa na, ko ƙyalli babu. Tahi ka samo na ƙwarai sannan mu buga." Na ga lokacin da yaron ya haɗiye yawu. Ya tattara kayansa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita gefensu da tafin hannu, bai ce uffan ba.

To bari in faɗa, kuma zan yi ta maimaitawa har a gaji da ni: rubutun da ke jikin kati shi ke wasa. Ƙyalli ba ya wasa. Katin Ash Blossom da aka buga a takarda gama-gari da Ash Blossom mai walƙiya kamar madubin amarya, aikinsu ɗaya, ba bambancin ko wasali. Ka jefa ta daga hannu, ta hana abokin karawarka ɗauko kati daga dek ɗinsa, magana ta ƙare. Katin dodon nan Blue-Eyes White Dragon ƙarfin harinsa 3000 ne, ko an yi masa ruwan zinare ko an buga shi a fili. Kowa da maki 8000 yake farawa, kowa kati 5 yake ja. A ina aka rubuta cewa mai tsadar kati zai fara da 9000? Nuna mini.

Ni na zauna da yaron bayan an watse, a bakin shagon da muke aron bencinsa. Na ce, "Ƙanena, kawo mu gani." Ya ce, "Yaya, ba wani abin kirki ba ne." Wannan kalmar ce ta fi ƙona mini rai, domin cikin minti biyar an koya masa raina abin da ya yi wata da watanni yana tarawa. Na baje katunan a kan benci. Structure Deck ne, wato dek da ake sayarwa a shirye cikin kwali, na dangin katunan Traptrix, wanda Konami, kamfanin da ke buga katunan, ya fitar a 2023, ya sayi kwali uku iri ɗaya ya tace su, ya fitar da kati 40 cif. Kowane kati yana cikin rigar ledarsa, ledar mai arha ce amma ba ko ɗaya da ya lanƙwashe. Na duba kusurwar ƙasa ta dama, ɗan tambarin nan mai sheƙi yana nan a kowanne, lambobi takwas na ƙasan hagu suna nan, rubutu bai karkace ba. Ba jabu ko ɗaya. Ya ce mini a rumfar cajin wayar yayansa yake taimakawa bayan makaranta, abin da ake ba shi yake ajiyewa, wani ɗan uwansu da ke zuwa Abuja ya sayo masa.

Muka buga uku, ya ci biyu. A na farko ya sauke Myrmeleo, katin da aka sa wa sunan ɗan ƙwaron nan da ke haƙa rami kamar mazurari a cikin yashi yana jiran tururuwa ta zamo. Ya ɗauko katin tarkonsa, ya kife shi, ya yi shiru abinsa. Na fito da Blue-Eyes ɗina, ya buɗe Bottomless Trap Hole, wanda ke haɗiye duk dodon da ƙarfinsa ya kai 1500, dodona ya bar filin gaba ɗaya. Bai yi ihu ba, bai yi dariya ba, cewa kawai ya yi, "Yi haƙuri, Yaya." Yaron ya san lokacin da zai saki tarko da lokacin da zai riƙe, ya san katin da ya cancanci a kashe masa Ash da wanda za a bari ya wuce. Wannan ba a sayensa a kanti. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kuma dabarar kwali uku da aka yi wa dariya, ita ce hanyar da masu hankali a duk duniya suke shiga wasan nan. Doka ta yarda ka sa kwafi uku na kati ɗaya, kwalin kuma galibi ɗaya yake zuwa da shi na manyan katunan, shi ya sa ake sayen uku. Farashin kamfani na kwali ɗaya bai kai dala 15 ba, kuma ka san abin da ke ciki tun kafin ka yage ledar. Wanda ya ci gasar duniya ta 2019 a Balin ta Jamus da Salamangreat ya ci, dangin katunan da kwalin Soulburner na shekarar ya sa a hannun kowa. Na sani, za a ce ai ya ƙara da wasu katuna masu tsada. Ya ƙara, sai me? Ginshiƙin dai daga kwalin da ake kira na talakawa ya fito.

Ku zo mu yi lissafi, tunda da yawanmu mun fi son kallon hoto a kan karanta kati. Doka ta ce dek ya kasance tsakanin kati 40 zuwa 60. In kana da 40, ka sa kwafi ɗaya tak na katin da kake ji da shi, damar ya zo maka a hannun farko kashi 12 da rabi ce cikin ɗari. In ka sa uku, ta kusa kashi 34. In ka cika dek ɗinka ya kai 60 don kana jin ƙyashin ajiye katunan da ka kashe wa kuɗi, kwafi ukun nan sun sauko wajen kashi 23. In kuwa kana da kati 12 cikin 40 da kowannensu zai iya tayar maka da wasa, kusan sau 85 cikin ɗari za ka buɗe da aƙalla ɗaya. Yaron nan ya san wannan, a bayan littafin makarantarsa ya nuna mini inda ya yi ta ƙirge. Wanda ya kore shi kuma dek ɗinsa ya haura 50, cike da kati ɗaiɗai masu walƙiya da ba sa ga maciji da juna. Sau nawa muka gan shi ya ja biyar ya zauna yana kallonsu, ba abin saukewa? Kowa a majalisar nan shaida ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wani ya rubuto mini cewa ai kuɗinsa ne, yana da ikon ya sayi abin da ya ga dama. Wa ya hana shi? Ya saya, ya sa a gilashi, Allah ya sanya albarka. Kuɗinsa dai ba su saya masa izinin wulaƙanta ɗan mutane ba. Wani kuma ya ce manyan gasa ba a cinsu sai da katunan yayi. Mu nan a benci muke wasa, ƙarƙashin dogon yaro, muna kora da ruwan leda. In ranar babbar gasa ta zo ma yi wannan maganar.

A wace ƙasa muke ma tukuna? Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Katunan nan ba a Kano ake buga su ba, da dala ake sayo su, a biya kuɗin jirgi, a biya na mota daga Legas ko Abuja kafin su iso tashar Sakkwato. Iyaye suna fama da kuɗin gero da na makaranta. A irin wannan hali yaron da ya zauna ya yi tunani, ya kashe kaɗan ya samu abin da ke aiki, shi ya kamata a tafa wa. Mu nawa ne ma duka a garin nan da muka san wasan? Ba mu cika benci uku ba. In muka kori masu tasowa saboda katinsu ba ya ƙyalli, da wa za mu buga baɗi?

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. Yawancin ƙyallin nan daga rufaffen fakiti ake farautarsa. Kati 9 a fakiti, fakiti 24 a akwati, ka biya ba ka san me ke ciki ba, kana yagewa gabanka na faɗuwa ko za ka dace. Ni wannan ya yi mini kama da abin da iyayenmu suke tsoro in sun gan mu da kati a hannu, suna tambaya ko karta ce, ko caca ce. Mun sha wuya kafin mu gamsar da su cewa wasan ƙwaƙwalwa ne kuma ba ma sa ko sisi a tsakani. Wanda ya sayi kwalin da ya san abin da ke ciki, ko ya nemi katin da yake buƙata shi kaɗai, ko ya yi musanya da abokinsa ido na ganin ido, shi ne hannunsa ya fi tsabta a wannan ciniki. Ban ce na ba da fatawa ba, wannan aikin malamai ne, amma zuciyata ta fi natsuwa da hanyar yaron.

Kati mai tsada kuma ba ya da alƙawari. Konami na fitar da jerin katunan da aka haramta ko aka taƙaita lokaci zuwa lokaci, dare ɗaya abin da ka zuba wa dukiya ya koma ado. Ko a sake buga shi da yawa, kamar yadda aka yi a fakitin Rarity Collection na 2023 da ya zubo da irin su Ash Blossom da Infinite Impermanence, farashi ya faɗi warwas. Mai haƙuri ya jira ya saya da sauƙi. Ga Master Duel, manhajar wasan nan, tana nan tun 2022, kyauta ake sauke ta a waya, ka gwada salon wasan da kake so har ka tabbatar ya dace da kai kafin ka fitar da naira ɗaya. Sannan wanda ya taɓa riƙe kati mai ƙyalli a garin nan ya san yadda yake yi in hunturu ya busa: ya lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa, har ana iya gane shi ta baya a cikin dek. Gama-garin yana nan a miƙe abinsa. Rubutun ke wasa, jama'a, rubutun.

Ƙanena, na san kana karantawa da wayar yayanka. Ka dawo ranar Asabar. Wallahi wurinka yana nan a bencin, kusa da ni, kuma na ajiye maka katin Effect Veiler guda biyu da ba na amfani da su. Ka yafe mana shirun da muka yi, ni na fi kowa jin kunyarsa domin na girme ka kuma na ga idonka.

Yadda yake kife tarko ya yi tagumi yana jira ya tuna mini da kakana a Wurno. Da yamma shi da tsaransa sukan haƙa gurbi 30 a ƙasa, layi biyar gida shida-shida, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa, su yi ta dara har a kira magariba. Ina yaro nake tsugunawa a gefe ina kallo, na riƙe cewa in ka jera uku ka ci ɗan abokin karawarka, amma sauran ƙa'idojin duk sun zube mini, musamman na lokacin da ake zuba 'ya'yan kafin a fara turawa. Rabon da in ga ana bugawa a cikin gari har na manta. In akwai wanda ya san wata majalisar dattawa da har yanzu suke yi, ko wajen Kanwuri ko Runjin Sambo ko ma Dundaye, don Allah ya faɗa mini rana da lokaci, zan zo da goro.