Kiɗan fiyano ba kiɗan ragwaye ba ne

A unguwarmu, muna yara, akwai wani shago da muke kira gidan gem. Talabijin ɗaya ce mai ƙaton ƙeya, da benci biyu, da na'urar da ake cusa wa kaset ta sama. In kaset ya ƙi kamawa, sai mai shagon ya zare shi ya hura masa iska ya mayar. Wanda ba shi da kuɗin bugawa a bakin ƙofa yake tsayawa, wani sa'in ko allon ba ya hangowa, amma da kunne kaɗai ya san Mario ya shiga ƙarƙashin ƙasa, ya san lokaci ya kusa ƙarewa tunda kiɗan ya ƙara sauri, ya san an mutu. Yau furfura ta fara leƙo wa yawancinmu, amma tayar da wannan kiɗan da baki a cikin sa'o'ina, sai ka samu mai ƙarasa maka.

Shi ya sa raina yake sosuwa duk lokacin da na ji an ce kiɗan da aka haɗa da na'ura ba kiɗa ba ne, wai danna maɓalli ne kawai. Mai wannan magana bai san irin ƙuncin da Koji Kondo ya yi aiki a cikinsa ba a 1985, lokacin da ya tsara wa kamfanin Nintendo na Japan kiɗan Super Mario Bros. Na'urar muryoyi biyar kacal take iya fitarwa, ɗaya daga ciki ma shuu ce kawai irin ta rediyon da ya rasa tasha, ita ake datsawa gajere-gajere ta zama ganga. Wasan gaba ɗaya, da hotuna da sauti, kilobait 40 ne, bai kai hoto guda da muke turawa a WhatsApp ba. Kuma in Mario ya yi tsalle ko ya ci kwabo, ƙarar tana aron ɗaya daga cikin muryoyin kiɗan ne. Wanda aka matse haka ba shi da wurin ɓuya. Ko dai karin ya tsaya da ƙafarsa, ko ya gundiri yaron da zai ji shi sau ɗari a rana. A 2023 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya wannan kiɗa cikin kundin sautukan da ake adanawa saboda tarihi, shi ne na farko daga wasan gem.

Mu da muke kiran duk mai maɓallai fari da baƙi fiyano, ya kamata mu bambance. Goge tsirkiya ke motsi, kalangu fata, sarewa iska. Ita sintesaiza, wato fiyanon da ke ƙirƙirar sauti da lantarki, wutar lantarki ce ke kai da komo a cikinta. In ta yi haka sau 440 a daƙiƙa guda, sai a sami sautin da makaɗan Turai ke saita kayansu da shi. Daga nan aikin makaɗi ya fara: ya tace sautin ya yi duhu ko ya yi kaifi, ya zaɓi ko zai faɗo farat ɗaya kamar bugun gulka ko zai taso a hankali kamar hadari. Ma'ana, kafin ya buga kayan kiɗan sai ya ƙera muryarsa tukuna. Ina ragwanci a nan?

Wanda yake son ya ji iyakar abin, ya nemi fim ɗin Blade Runner na 1982 ya saurari mintunan farko cikin dare. Vangelis, makaɗi mutumin Girka, da sintesaizar Yamaha CS-80 ya yi yawancin aikin, na'ura mai nauyin kusan kilo 100 wadda kowane maɓalli nata yake jin ƙarfin yatsa: ka danna, ka ƙara matsawa, sautin ya buɗe kamar mai jan numfashi. Yana kallon hoton yana bugawa. Labarin fim ɗin na wasu halittu ne da aka ƙera a masana'anta amma suke tsoron mutuwa kamar kowa, kuma murya mai kama da ta ƙaho alhali ba ƙaho ba ce, mai kuka alhali daga waya ta fito, ita ce daidai da su. Da an kawo makaɗa tamanin da gogunansu da an yi kiɗa mai daɗi, amma da an faɗi wani labarin daban. A shekarar ce kuma Vangelis ya karɓi kyautar Oscar saboda kiɗan fim ɗin Chariots of Fire. Shi kuwa darakta John Carpenter rashin kuɗi ne ya sa ya haɗa wa fim ɗinsa Halloween kiɗa da hannunsa a 1978, a kan bugu biyar maimakon huɗun da kunne ya saba, shi ya sa mai sauraro ba ya samun wurin sauke ƙafa.

Ba na raina ƙorafin masu suka, domin tsoho ne kuma da ƙanshin gaskiya. Tun 1956, da Louis da Bebe Barron suka yi wa fim ɗin Forbidden Planet sauti da kayan lantarki zalla, ba a yarda an rubuta kalmar kiɗa a gaban sunansu ba, saboda ƙungiyar makaɗa tana tsoron abincin 'ya'yanta. Mu ma mun ga haka da idonmu. Da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin da a da sai an tara mai kalangu da mai kukuma da 'yan amshi. Gidajen da suka gaji kiɗa kaka da kakanni sun ji a jikinsu, kuma wannan asara ce ta gaske da ta dame ni.

Sai dai abin da ke damun kiɗan finafinanmu ba fiyanon ba ne, yadda muke aikensa ne. Mun mayar da shi ɗan kwaikwayo: ya yi sarewar Indiya, ya yi kalangun da bai kai kalangu ba. An zuba basira a waƙoƙi, an bar kiɗan da ke bin labari ya zama cike gurbi. Uwa ta rasu, sai ka ji sautin nan guda da ka ji jiya a wani fim lokacin da aka saki amarya, wanda ya zo a cikin na'urar tun daga kamfani. Wani lokaci ma ya danne maganar 'yan wasa. In kalangu ake so, a kira mai kalangu a biya shi haƙƙinsa, yana nan da ransa. Na'ura kuma a bar ta ta yi muryar da babu wanda zai iya yin ta sai ita.

Ba sai mun je Japan neman misali ba. A Yamai, Mamman Sani ya zauna da ogan ɗinsa, wani irin fiyanon lantarki ƙirar Italiya, ya naɗi kaset a 1978, yana ɗauko karin gargajiyar Nijar yana shimfiɗa shi a hankali, bai nemi ya yaudari kowa cewa garaya ce ba. Shekara da shekaru gidan rediyo da talabijin na ƙasar suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, har mutane suka haddace shi ba su san mai shi ba, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Ina fatan wani matashi mai haɗa sauti a Kano ko Kaduna ya saurari wannan kaset tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ce wa darakta ya ba shi fim ɗin ya kwana bakwai da shi kafin ya taɓa maɓalli ko ɗaya.