Hoton Ragon Dutse

Ni ɗan unguwar Birni ne a Damagaram, inda yara ke koyon hawan duwatsu kafin su iya ɗaure wando. Shi ya sa da aka tura ni aikin gandun daji a Termit da Tin-Tumma, gandun da aka keɓe a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 a lokacin, na shaida wa abokan aiki cewa duk abin da ya shafi hawa a bar mini.

Mun bi ta Gure muka wuce Taskar, mota na nutsewa cikin rairayi muna turawa, har baƙaƙen duwatsun Termit suka bayyana. Aikin da aka ba ni shi ne in ɗaura kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta idan ta ji motsi, a wani tsauni da ragon dutse ke bi. Jagoranmu, wani dattijon Batube, ya nuna mini hanyar da ta zagaya ta baya, ya ce, "Ɗana, bi nan." Na ce, "Baba, kada ka damu, a kan dutse aka yanke mini cibiya." Bai ƙara magana ba, ya koma ya hura wutar shayinsa.

Na hau kamar ƙadangare, na ɗaura kyamarar, na kunna ta. Sai da na juyo zan sauka na gane cewa dutsen Birni mai tauri ne, na Termit kuwa yana marmashewa a hannu kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Duk inda na taka sai ya zube. Da na buɗe ƙafa don in kai ga wani tsagi, wandon aikina ya yage tun daga ƙugu har gwiwa, da ƙarar da na tabbata an ji ta a ƙasa. Na maƙale a wurin rana tana dukan ƙeyata, gorar ruwana ta riga ni sauka, ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Wajen la'asar wani yaro mai kiwon awaki, wanda bai wuce shekara 10 ba, ya ɓullo ta hanyar da dattijon ya nuna, da silifas ɗaya a ƙafa, ya riƙe hannuna kamar ɗan jagoran makaho ya sauko da ni. Dattijon ya miƙo mini shayi da allura da zare, bai ko dubi fuskata ba.

Bayan wata 3 aka kawo katin kyamarar ofis a Damagaram, maigidana ya tara kowa a ga ragon dutse. Rago bai fito ko sau ɗaya ba. Hotuna na farko har 40 nawa ne, duka ta baya, kuma batirin ya ƙare a kaina. Maigidan ya gyara tabarau ya tambaya a wane rukunin namun daji za a rubuta wannan.