Sun ce birkin zai zauna, a hanyar Daura ya shanye mani

Wallahi har gobe in na tuna ranar nan sai ƙafata ta dama ta ɗauki rawa. Mu shida ne a cikin motar: ni, da mahaifiyata a gidan gaba, da uwargida da yara uku a baya. Suna za mu Daura daga Katsina, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba, hanyar da na bi ba adadi. Saura ƙiris a wayi gari ana zaman makokin mutum shida a gida ɗaya, saboda wani ya ga ba zai iya ɓata rabin awa ya fitar da iska daga birki yadda ya kamata ba.

Abin ya faro ne daga ɗan yoyo. Na lura da danshin mai a cikin tayar baya ta dama, man birki kuma yana raguwa a kofinsa. Motar Toyota Corolla ce, ta kwana biyu, amma ban taɓa yi mata rowar gyara ba. Na kai ta wani gareji a nan cikin Katsina, wurin da na shekara uku ina kai aiki. Ogan ya leƙa ya ce silindar birkin baya ce ta mutu, a sayo sabuwa. Na bayar da kuɗi ba tare da na ce uffan ba. Daga nan ya miƙa aikin ga yaransa biyu, ya koma gindin dalbejiya ya kama waya.

Ina tsaye a kansu, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Ɗaya ya shiga mota, ɗaya ya kwanta a ƙasa da sifana. Na ƙasa ya ce "Taka!" Na ciki ya yi ta dukan birkin kamar yana daka a turmi. "Riƙe!" Sai ya kwance ɗan nonon da ake fitar da iska, mai ya tsarto a ƙasa, ya jiƙa yashi, ya ɓata taya. Babu tiyo, babu kwalbar da za a tara a ga ko kumfa na fita. Sun yi haka sau uku ko huɗu, sai na ji kofin man da ke ƙarƙashin bonet yana ƙara irin ta mai zuƙar ragowar kunu. Na leƙa, ya ƙafe ƙaf. Wato maimakon su fitar da iska, sabuwa suka tura ciki tun daga sama. Da na yi magana, yaron ya ruga ya ɗauko wata gorar ruwa da aka yanke mata kai aka rufe da leda, da wani mai a ciki mai kalar ruwan tsamiya, ya ɗura. Na ce wane mai ne wannan? Ya ce "Na birki ne, Alhaji." Na wane irin birki, tun yaushe yake ajiye, daga motar wa aka rago shi, shi kansa bai sani ba. Sauran tayoyi uku kuwa ko kallonsu ba su yi ba.

Da na taka birkin kafin in fita, sai na ji shi laushi tiɓis kamar na taka soso. Na kira ogan na ce mashi wannan birkin bai yi ba. Ko tashi bai yi daga benci ba. "Haba Alhaji, sabon aiki ne, zai zauna. Ka ɗan yi yawo da ita kwana biyu." Bayan kwana biyu na dawo, ya sa yaro ya shiga ƙarƙashi ya ƙara ɗaure takalman birkin baya, waɗanda ke matse gangar ƙarfen da ke cikin taya in an taka birki, birki ya ɗan ɗago sama, ya ce ka ji shi nan. Kalmar nan ta "zai zauna" ita ta fi ƙona mani rai a duk lamarin. Ina zai zauna? Iskar da ke cikin bututun ƙarfe a rufe ta ina za ta bi ta fita da kanta?

Duk wanda ya ce shi bakanike ne ya kamata ya san abin nan kafin ya san sunan sifana. Birkin mota da mai yake aiki saboda mai ba ya matsuwa. Ka taka da ƙafa, masta, wato babbar silindar da ke ƙarƙashin kofin man, ta tura man, ƙarfin ya bi bututu ya isa tayoyi huɗu kamar yadda ya fito. Iska kuwa tana matsuwa. In ɗan kumfa ya maƙale a hanya, ƙarfin ƙafarka a kansa zai ƙare, kana takawa yana lotsawa, taya na can tana gudunta. Ƙara ɗaure takalmi ba ya cire iska, ɓoye ta yake yi. Gyaran gangar auzinawa kenan, don ɗaurin da ya yi shi ya jawo bala'i na biyu.

Ranar tafiyar watan Afrilu ne, rana na dukan kwalta har tana wani irin ƙyalli. Mun wuce Mashi lafiya, mun wuce Shargalle, sai Hajiya ta ce tana jin ƙauri. Na ɗauka daga waje ne. Ba a fi minti biyar ba sai ga amalanken shanu ya hau titi daga hannun dama, wani yaro da bai wuce shekara goma ba yana zaune a kai da tsumagiya. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa, ba abin da ya tare ta. Na sake takawa, na sake, na sake. Uwargida ta fasa salati, yara suka ɗauki kuka. Na mayar da giya ƙasa, injin ya yi kururuwa, na riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan don kada motar ta juya da mu, na kauce gefen hanya cikin yashi. Mun tsaya tsakaninmu da amalanken bai fi taku uku ba. Na ga fararen idanun yaron nan, na ga tsumagiyar ta faɗi daga hannunsa. Hajiya ta riƙe hannuna, ba ta ce komai ba sai "Innalillahi", jikinta na ɓari, tsohuwa mai hawan jini.

Da na zagaya baya, zafin da ke tashi daga tayar dama ko hannu ba ya kusantuwa. Mun zauna a inuwa kusan awa guda har ta huce, birkin ya ɗan dawo, na lallaɓa da tafiyar hawainiya har cikin Daura. Mai masaukinmu ya kai ni wurin wani dattijon bakanike, wanda a wurinsa na ga yadda ake wannan aikin a karon farko a rayuwata.

Ya saurare ni har na gama, ya taka birkin sau biyu, ya buɗe kofin man ya shinshina. Ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah. Abu uku suka haɗu maka: iska, da ruɓaɓɓen mai, da takalmin da aka ɗaure yana gugar ganga tun daga Katsina." Ya fara sassauta takalmin, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani abu kamar ƙaramin famfon feshin manoma, da agogon awo a jikinsa, da tiyo mai marfi a ƙarshe. Ya zuƙe tsohon man kofin da sirinji. Ya aika aka sayo mai sabo a rufe, ya sa ni na duba marfin kofin motata da idona, inda aka rubuta DOT 3, wato irin man da birkin motar ke sha, ya nuna mani rubutu iri ɗaya a jikin robar, sannan ya fasa hatimin a gabana. Ya cika kofin, ya juye sauran a cikin famfon, ya ɗaura marfin tiyon a bakin kofin, ya buga har allura ta kai 15. Awo ɗaya ne da wanda mai faci ke duba taya da shi, inda taya ke cin talatin da wani abu. Ya tsaya yana kallon allurar, ya ce in ta sauka to akwai inda ke yoyo. Ba ta motsa ba.

Daga nan ya tafi tayar da ta fi nisa da masta, ta baya a hannun dama. Ya cusa siririn tiyo mai haske a kan nonon, ya sa ɗaya bakin a cikin kwalba, ya ɗan murɗa ƙaramar sifana. Na durƙusa kusa da shi ina kallo. Abin da ya fara fitowa baƙi ne kamar shayin da ya kwana a tukunya, sai kumfa ya biyo, manya da ƙanana, suna bin juna a cikin tiyon kamar carbi. Na daɗe ina kallonsu, raina na tafasa, don waɗannan kumfan su ne suka so kashe mani uwa da 'ya'ya. Bai rufe ba sai da man ya koma garau, babu ɗigon iska. Ya koma ta baya a hagu, sannan ta gaba a dama, ya ƙare da ta gaba a hagu, yana leƙa allurar a tsakani. Babu wanda ya shiga mota, babu ihun taka da riƙe. Da ya gama ya saki iskar famfon kafin ya cire marfin, ya wanke inda mai ya ɗiga da ruwa, ya ce man birki cin fenti yake. Duka aikin bai kai minti arba'in ba, man bai wuce lita ɗaya ba. Na taka birkin na ji shi tauri kamar dutse.

Abin da dattijon nan ya yi mani bayani a kai, daga baya na bi na tabbatar. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 shan danshi yake daga iska, ko a cikin mota ko a cikin robar da aka bari a buɗe. DOT 3 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230. In ruwa kashi 3.7 cikin ɗari kacal ya shige su, sai ma'aunin ya faɗo zuwa 140 da 155. To ka haɗa irin wannan man da gangar birkin da ta yi ta guga kilomita da yawa a zafin bazara. Man ya tafasa, ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake kamar iska, shi ya sa ƙafata ta nutse, shi ya sa kuma birkin ya dawo da ya huce. Saboda haka ne kamfanonin mota da yawa ke cewa a zubar da man birki gaba ɗaya a zuba sabo duk shekara biyu. Gorar da yaron nan ya ɗauko kuwa Allah kaɗai ya san damina nawa ta gani. In ma an yi rashin sa'a bakin mai ko man giya ya gauraya a ciki, robobin birki kumbura suke su lalace. DOT 5 ma, da ake yi da silikon, ba a haɗa shi da sauran.

Ban ce fitar da iska da ƙafa haramun ne ba. Ana yi, yana kuma yin kyau a hannun mai haƙuri, wanda zai sa tiyo da kwalba, ya riƙa cika kofi, ya bi tayoyi huɗu. Amma ko a nan akwai haɗari ga tsohuwar mota, don in ana nutsar da birki har ƙasa, robar masta na shiga wurin da ba ta saba zuwa ba, inda tsatsa da datti suka taru, ta yage. Ka kawo mota da ciwo ɗaya ka fita da biyu, a ce maka masta ta mutu, kawo kuɗi. A motocin da ke da ABS kuma, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, in aka bari kofi ya ƙafe iska na iya maƙalewa a cikin na'urar, wani lokacin sai an jona kwamfuta kafin ta fita. Famfon nan ya raba ka da duk wannan, mutum ɗaya ke aiki da shi, kuɗinsa kuma bai kai na wayar da ogan garejina ke latsawa a gindin bishiya ba. Shekara nawa yana karɓar kuɗin mutane, me ya hana shi saye?

Mu masu motoci ma muna da namu kason. Mutum zai canja bakin mai a kan kari, ya wanke mota kullum, ya sa mata turare, amma shekara bakwai man birki ɗaya, sai dai ƙari in ya ragu. Na taɓa jin direban haya da kunnena a tasha yana bugun ƙirji wai shi ruwan omo yake ɗurawa in mai ya yanke mashi a hanya. Da fasinjoji! Sannan in abu ya faru a ce birki ya shanye, ƙaddara ce, a yi jana'iza a watse, ba mai komawa ya tambayi hannun da ya taɓa birkin nan na ƙarshe. Na yi imani da ƙaddara, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ganganci da ran mutane sunansa ganganci, kada a lulluɓe shi da addini.

Na roƙi dattijon ya bar mani kwalbar da ya tara tsohon man. Da muka dawo Katsina ko gida ban tsaya ba bayan na sauke iyali, na wuce garejin na dire ta a kan bencin ogan. Na faɗa mashi komai, tun daga ƙaurin har yaron amalanke. Ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ajiye, ya ce, "To Alhaji, ai Allah ya kiyaye. Sai haƙuri." Ba a ba ni haƙurin da ya fito daga zuciya ba, ba a kira yaran an tsawata masu ba, ba a ce ga kuɗin aikinka ba. Na ce mashi ni da garejinsa har abada, kuma duk wanda ya tambaye ni zan faɗa mashi abin da na gani.

Ina juyawa zan fita sai na ji muryar yaron nan daga ƙarƙashin wata Sharon ta haya, mai ɗaukar fasinja daga Katsina zuwa Kano: "Taka! Riƙe!" Mai na tsartuwa a yashi, gorar nan mai marfin leda na ajiye a kan injin, direban kuma yana tsaye yana duba agogo, yana cewa su yi sauri layinsa ya kusa zuwa a tasha.