Gudun tunawa da sojojin da suka rasu: ya kamata ya ƙare a ƙofar gidajensu

A makon jiya, bayan sallar Isha'i, wasu samari huɗu na unguwarmu a nan Gadarif, a gabashin Sudan, suka same ni a ƙofar gida da wata shawara da suka daɗe suna juya ta a tsakaninsu. Suna so idan sanyi ya shigo, an gama yankan riɗi kuma an fara shigo da dawa, su shirya gudu na kilomita 5 domin tunawa da 'yan unguwa da suka rasu a bakin daga tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Biyu daga cikinsu ƙannen mamatan ne. Ƙaraminsu ya ce mini, "Baba, tun da aka naɗe rumfar makoki, babu mai ambaton sunan yayana sai Inna." Na nemi su ba ni kwana biyu in yi tunani. Abin da na tsayar a raina shi ne su yi gudun, kuma mu manya mu mara musu baya, muddin za a auna nasararsa da abin da ya shiga gidajen mamatan.

Duk wanda ya zauna makoki a Sudan ya san yadda muke yi, kuma ba mu da abin kunya a wannan fanni. Ana kafa rumfa a bakin titi, maƙwabta su fito da farantan abinci, shayi ba ya yankewa, sannan a zagaya da takardar gudummawa da ake kira kashaf, kowa ya rubuta sunansa da abin da ya sawwaƙa. Sai dai duk wannan na kwana uku ne. Matar ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, kuma ranar da ta fita, mai gida yana jiran kuɗin haya, yara suna jiran kuɗin makaranta, uwar mijin tana jiran maganin hawan jini wanda ɗanta ne yake saya mata duk wata. A wani gida da na je gaisuwa, abokin marigayin ya kawo 'yar jakarsa daga bakin daga. Da aka buɗe, aka tarar da agogo, da carbi, da wata takarda da aka ninke sau huɗu, inda ya rubuta da hannunsa bashin da ake binsa: na mai shagon bakin layi, da na mai gyaran rakasha, wato keke mai ƙafa uku na haya, da na wani abokinsa da ya ranta masa kuɗin sadaki. Mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba, amma ta riƙe takardar ta ƙi sakinta. Wannan takarda ce na tuna da samarin nan suke magana.

Amfanin gudu irin wannan shi ne yana ba wa tunawa rana a cikin shekara, ranar da ba ta dogara da ko wani ya ga dama ba. Akwai misali a nahiyarmu. A Afirka ta Kudu, wani tsohon soja mai suna Vic Clapham, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Farko a Gabashin Afirka kuma ya san wahalar doguwar tafiyar ƙasa cikin zafi, ya kafa gudun Comrades a 1921 domin tunawa da abokansa da ba su dawo ba. Ana yin sa tsakanin Durban da Pietermaritzburg, tazarar kusan kilomita 90. Mutum 34 ne suka tashi a karon farko, yau kuwa dubbai ne daga ƙasashe da dama, kuma an san shi da yadda masu gudu ke tallabo wanda ƙafarsa ta gaza su tsallakar da shi layin ƙarshe kafin lokaci ya cika. A Amurka ma, a 2008, wasu sun yi gudun karɓa-karɓa daga Kalifoniya har maƙabartar sojoji ta Arlington, suna keɓe kowane mil guda ga sunan soja ɗaya da ya mutu a Iraƙi. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne sunan. Adadi ba ya sa kowa hawaye, amma idan aka ce wane ɗan wane, wanda ya yi karatun allo tare da kai, dole jikinka ya yi sanyi.

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce da ba ta dace da mu ba. Ni ban ga haka ba, domin Hausawan Sudan da ƙafa suka zo ƙasar nan. Wasu a kan hanyar Hajji suka yada zango shekara da shekaru suna noma don neman guzuri har zangon ya zama gida. Wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan da Turawan Ingila suka kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, a Burmi a 1903, suka keta daji da yara da tsofaffi har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar. Mutanen da kakanninsu suka yi wannan tafiya ba baƙi ba ne ga ma'anar wahalar da ƙafa saboda wani abu da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shi kuma gudu ba baƙo ba ne a Sudan, domin lambar yabo ta farko da ƙasar ta samu a gasar Olamfik, azurfar da Isma'il Ahmad Isma'il ya ci a Beijing a 2008, a tseren mita 800 aka same ta, kuma yaranmu sun tashi suna jin sunan Abubakar Kaki.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta malamai, kuma ba na ɗaukar ta da wasa. Liman ɗinmu ya ce mamaci ba ya amfana da gumin kowa, abin da ke isar masa shi ne addu'a da sadaka da biyan bashinsa, kuma yana tsoron kada a mai da gudun wata sabuwar ibada. Gaskiya ya faɗa, kuma ya kamata samarin su rubuta a takardar sanarwarsu cewa gudun hanya ce ta tara jama'a da tara taimako, babu wanda ya ce lada ce ta musamman ga mamaci. Amma idan muka duba abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa iyalan shahidai, za mu ga inda ya kamata hankalinmu ya koma. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, umarnin da ya bayar shi ne a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya zo musu. Da Abdullahi mahaifin Jabir ya yi shahada a Uhudu ya bar bashi da 'ya'ya mata da yawa, Annabi da kansa ya je gonar dabinon ya tsaya har aka biya masu bin bashin. Ya kuma faɗa cewa ana gafarta wa shahidi komai sai bashi, kuma wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma ya yi yaƙi. Idan gudun zai kai mu ga biyan abin da ke cikin waccan takarda mai ninki huɗu, ban ga abin da malami zai ƙi a ciki ba.

A nan ne maganar kuɗi take shigowa, kuma a nan irin waɗannan shirye-shirye suka fi lalacewa. 'Yan uwanmu na Najeriya suna da ranar tunawa da mazan jiya duk 15 ga Janairu, ana ajiye furanni, ana sayar da tambarin tunawa, amma duk mai sauraron tashoshin Hausa ya sha jin matan sojojin da suka rasu suna kokawa kan haƙƙoƙin da suka daɗe suna jira. Biki yana iya yin kyau a hoto alhali gidan mamaci bai san an yi ba. Saboda haka na ce wa samarin kada su buga riguna, kada su ɗauko lasifika na haya, kada su sayi kofin da za a ba wanda ya zo na ɗaya. Kowane mai gudu ya biya abin da zai iya, ko a hannu ko ta manhajar tura kuɗi ta Bankak, a rubuta a kashaf kamar yadda muke yi a makoki, a kafe shi a bangon masallaci kowa ya gani. Dattawa biyu da mace ɗaya daga cikin iyalan su riƙe asusun, sannan bayan wata guda a sake kafe wata takardar da ke nuna inda kowane fam ya tafi, ba tare da an tona asirin wanda ya karɓa ba. Mu da muka saba da gayya da adashi, kuma muka ga yadda takiyya, wato wuraren dafa abincin sadaka, ta ciyar da unguwanni a cikin wannan yaƙi da gudummawar talakawa, ba sai an koya mana riƙon amanar kuɗin jama'a ba, sai dai a tuna mana.

Fiye da kuɗin ranar, ina so kowane mai gudu ya ɗauki suna ɗaya a ƙirjinsa, kuma ɗaukar sunan ta zama alkawari na shekara guda. Wanda ya ɗauki suna shi zai riƙa leƙa gidan, ya san ko yaro ya koma makaranta, ya raka matar ofis idan takardun haƙƙin mijinta sun maƙale, domin mace mai goyo da ba ta saba da ofisoshi ba tana iya yin sawu goma a ce mata ta dawo gobe. Wannan taimakon 'yan uwa ne, ba ya ɗauke wa hukuma nauyin da ke kanta na biyan haƙƙin wanda ya mutu a bakin aikinta.

Sai maganar waɗanda za a lissafa. Gudun Comrades da na yaba, sai a 1975 aka yarda baƙaƙen fata da mata su shiga a hukumance, wato ya yi fiye da shekara 50 yana tunawa da mamata yana kuma ware rayayyu. Kada namu ya fara da wariya. A saka soja mai lamba, a saka ɗan sa-kai da ya amsa kira ya bar shagonsa, a saka Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba muddin maƙwabci ne. Kada kuma a manta da waɗanda suka ɓace, domin akwai matan da ba su yi takaba ba saboda ba a ga gawa ba, ba su kuma ji muryar mazajensu ba tun shekarar farko ta yaƙin, kuma babu wanda ya kafa musu rumfa balle a zagaya musu da kashaf. Tsofaffi da mata da ba za su iya gudu ba su taka a hankali a baya, ko su tsaya da ruwa da zoɓo a bakin hanya.

Abin da nake tsoro shi ne a mai da ranar taron siyasa ko na cusa gaba. Wannan yaƙi ne tsakanin 'yan ƙasa ɗaya, ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, kuma fararen hular da suka mutu a Khartoum da Jazira da Darfur ba su da lambar aiki ko faretin girmamawa. Mu Hausawa mun ɗanɗana abin da maganar ƙabilanci ke haifarwa a rikicin jihar Nilu Shuɗi na Yulin 2022, kuma bai kamata mu zama masu hura irin wannan wuta ba. Kada a yi kirarin ramuwa, kada a ba ɗan siyasa lasifika. A buɗe da addu'a ga duk wanda yaƙin ya ci, a rufe da roƙon Allah Ya kawo ƙarshensa. Haka kuma a nemi izinin hukuma, a taƙaita taron, tunda an ga yadda jirgi maras matuƙi ya kai hari wurin bikin yaye sojoji a Jabait a Yulin 2024. A tashi da an idar da sallar Asuba, a watse kafin rana ta ɗaga.

Na kuma ba su shawara kan hanyar da za a bi. Maimakon a zagaya filin ƙwallo, a bi ta layukan unguwa yadda ayarin zai wuce ta ƙofar kowane gida da aka yi rashi, bayan an nemi yardar masu gidan tun da wuri, domin akwai uwar da ba za ta iya jure gani ba kuma haƙƙinta ne a ƙyale ta. Inda aka yarda, a tsaya, wanda ke ɗauke da sunan ya fito ya faɗe shi da ƙarfi, a karanta Fatiha, sannan a ci gaba. Jiya yaron da ya fara yi mini magana ya dawo da littafin makaranta, ya nuna mini sunaye 11 da suka tattara da zanen layukan da za a bi. Ya ce Inna ta amince a tsaya a ƙofarta, kuma ta ce ita za ta dafa shayin masu gudu.