Man kanumfari na kwalba ya fi ƙarfin a ɗauke shi kamar kayan yaji

Wanda ya shiga Kasuwar Wunti ko Muda Lawal a Bauchi ya ratsa ta wajen masu kayan yaji, ƙamshin kanumfari na cikin abin da zai fara tarbarsa. Da shi muke gyara kunun zaƙi da zoɓo da fura, kuma yajin mai jego ba ya cika sai da shi, tare da citta da masoro da kimba. Wannan sabo ne ya sa da ƙananan kwalaben man kanumfari suka bazu a shagunan magungunan Musulunci da shafukan TikTok da Facebook, jama'a suka karɓe su hannu bibbiyu, ana ganin ai ɗan gida ne. Ni kuwa ina ganin abin da ke cikin kwalbar nan magani ne mai kaifi, kuma yadda muke mu'amala da shi akwai ganganci a ciki.

Kanumfarin da muka sani tohon fure ne da ake tsinka kafin ya buɗe, a shanya. Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku ne na ƙasar Indonesiya, wadda har yau ita ce kan gaba wajen nomansa, sai Madagaska da tsibiran Zanzibar da Pemba. Shi kuwa man, da tururi ake tatso shi, daga tohon ko ganyen ko karan. Kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na man wani sinadari ne da ake kira yujinol, shi ne mai ƙamshin, shi ne kuma mai sa harshe ya yi dundurum idan ka tauna ƙwaya ɗaya. Uwargida ta jefa ƙwaya biyar a tukunyar kunun da gida duka za su sha, abin da ke shiga cikin kowa ɗan kaɗan ne. Cokali guda na man kuwa an tattaro ƙarfin ƙwayoyi masu ɗimbin yawa ne wuri ɗaya.

Ba na cikin masu cewa man ba shi da amfani. A kan ciwon haƙori aikinsa tabbatacce ne. Likitocin haƙori sun daɗe suna haɗa yujinol da wani farin gari suna cike kogon haƙori na wucin gadi. A shekarar 2006 masu bincike a Kuwaiti sun gwada haɗin kanumfari da benzoken, maganin da ake shafawa a dasashi kafin allura, suka ga duka biyun sun rage zafin allurar daidai wa daida. Don haka magidancin da haƙori ya hana barci da tsakar dare, ya ɗiga ɗigo guda a ɗan auduga ya ɗora a kan haƙorin kaɗai, bai yi laifi ba. Sai dai ya kula kada ya jiƙa dasashi da shi, domin tsurarsa yana ƙona naman baki.

Inda ake samun matsala shi ne zafin ya lafa sai a ɗauka an warke. Man yana kwantar da jijiya ne na ɗan lokaci, ruɓewar kuwa tana nan tana cin haƙorin. Mutum ya yi wata da watanni yana ɗigawa, har ruwan ciwo ya taru a gindin haƙori, kunci ya kumbura, wani lokaci kumburin ya gangaro wuya ya takura numfashi. Haƙorin da za a cike tun farko a wuce wurin, sai an cire shi. Na san kuɗin asibiti ne ke korar mutane da yawa, kuma ba ƙaramin uzuri ba ne a wannan hali da ake ciki. Duk da haka zuwa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa tun ciwon yana ƙarami ya fi sauƙi a aljihu a kan kwanciya da kumburarren wuya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yara. Likitoci a Ingila sun rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 2 da ya sha abin da bai wuce mililita 5 zuwa 10 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu. Ya suma, ya yi jijjiga, jininsa ya kasa daskarewa, hantarsa ta taɓu. A gidajenmu kwalbar na zaune a kan madubi kusa da turare da man zaitun, murfinta ba ya gagarar ɗan yaye. Ga kuma masu ba uwa shawarar ta shafa wa jariri a dasashi idan yana fitar da haƙori, ko ta ɗiga masa a ruwa saboda ciwon ciki. Don Allah iyaye mata, kada ku yi. Jariri haɗiyewa zai yi, kuma hantarsa ba ta yi ƙwarin ɗauka ba.

Haka batun yake ga masu koya wa mata yin matsi ko tsarki da shi da sunan maganin sanyi ko gyaran jiki. Abin da ke ƙona dasashi ba zai bar wannan wuri lafiya ba, kuma kunya kan hana mace faɗin abin da ya same ta sai ya yi nisa. Yujinol na rage saurin daskarewar jini, saboda haka mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da wanda za a yi wa tiyata, su nisance shi. Mai juna biyu ma ta tsaya ga na girki. Wanda zai shafa a fata kuma, ɗigo ɗaya a ƙaramin cokali biyu na man zaitun ko man kwakwa ya isa.

Za a ce iyaye da kakanni sun yi amfani da kanumfari ba abin da ya same su. Gaskiya ne, amma ƙwayar suka tauna, ita suka jiƙa, ita suka daka a yaji. Ba su gaji tataccen mai ba, balle su bar mana ƙa'idar shansa.

Nauyi mafi girma yana kan masu sayarwa. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halak, kuma jama'a sun fi sakin jiki da su a kan ma'aikacin asibiti. Wannan amanar ce ta wajabta musu su riƙa faɗa wa mai saye baki da baki cewa ba a sha, ba a ba yaro, ba a sa shi a ido ko a al'aura. Su daina ɗura shi a kwalbar da ba ta da suna ko lambar NAFDAC. Ita ma lambar da hukumar ke ba magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, ba shaida ba ce cewa maganin na warkar da cututtukan da aka jera a jikinsa. Gidajen rediyonmu da ke sayar wa masu magani fili su ma suna iya sharɗanta cewa a faɗi gargaɗin a cikin tallar.

Idan kuwa tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi tare da kwalbar a nufi asibiti nan take, ko da yana wasansa lafiya lau, domin illar hanta kan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana.