Masu neman aikin jinya a tsibiri, ga abin da hoto ba ya nunawa

Tun ranar da na sa hoton bakin teku a Facebook saƙonni suka yi mini yawa, kuma kusan duk maganar ɗaya ce: "Sista, yaya ake samun aikin nan? So nake in yi shekara ɗaya in tara kuɗi in wuce Ingila." Tambayar farko ina amsa ta da farin ciki. Maganar wucewar ce ke damuna, don wanda ya zo nan zuciyarsa na wani wuri zai wahala, marasa lafiyarsa ma su wahala tare da shi.

A Maldives nake aiki, ƙasar da ke Tekun Indiya, mai tsibirai kusan 1,200, waɗanda ake zaune a kansu ba su kai 200 ba. Kowane tsibiri mai jama'a da cibiyar lafiyarsa, 'yan ƙasa kuma ba su isa su cike guraben ba, shi ya sa ake ɗaukar baƙi. Yawancin abokan aikina 'yan jihar Kerala ne ta Indiya. Labarin bai bambanta sosai ba a Seychelles ko a ƙananan ƙasashen Tekun Pasifik. Tuvalu gaba ɗayanta asibiti ɗaya gare ta, a Funafuti, Fiji kuwa tana horar da nas Ostireliya da New Zealand suna kwashewa. Aiki dai akwai shi.

Ƙawata da muka yi makarantar jinya tare tana Ingila. Ta sha doguwar hanya kafin ta samu lasisi: jarrabawar Turanci, jarrabawar kwamfuta, sannan OSCE, jarrabawar gwada aikin jinya a aikace, wadda sai a can ake yin ta. Amma yau idan mara lafiya ya rikice mata, maɓalli take dannawa, cikin mintoci likitoci sun cika ɗakin. Ni ƙofar shigata ta fi tata sauƙi, sai dai nauyin da na tarar a ciki ya fi nata.

Ba zan manta da wani dare a lokacin iskar damina ba, wadda ke tayar da teku daga watan Mayu. Wata mata ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle. Mu biyu ne da likita ɗaya, shi ma baƙo ne. Na sa mata ruwa a hannu biyu, na yi allurar tsayar da jini, hannuna na kan mararta ina murza mahaifa, likita na waya da asibitin yanki. Jirgin ruwan ɗaukar marasa lafiya ya ce ba zai iya tasowa ba sai igiyar ruwa ta lafa. Mahaifiyarta na tsaye a bakin ƙofa tana ja mini gefen riga tana magana da Dhivehi, harshen ƙasar, ban fahimci komai ba sai sunan Allah. Da asuba jirgin ya iso, matar kuma ta rayu, alhamdulillahi. A asibitocinmu na gida mun saba da cunkoso da ƙarancin kaya, amma akwai babbar sista a ɗaki na gaba, akwai mota a waje. A nan marasa lafiya kaɗan ne, kaya ma ba laifi, amma teku ce tsakaninki da taimako. Shi ya sa nake ganin wadda ba ta goge a ɗakin haihuwa ko sashen gaggawa ba, kada ta karɓi aikin ƙaramin tsibiri, ko da an ba ta.

Batun nema kuwa, ku bi tallan ma'aikatar lafiya ko na asibitin kai tsaye. Sai kun yi rajista da majalisar jinya da ungozoma ta ƙasar, ita kuma za ta nemi majalisarku ta gida ta tabbatar da lasisinku, wannan kaɗai yakan ci watanni. Ga 'yan Najeriya akwai shirin TAC na gwamnati, wanda tun 1987 yake tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik na shekara biyu. Duk ejan ɗin da ya ce ku shigo da bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 a gyara takardu daga baya, ku guje shi. Aiki da wannan biza laifi ne, kuma izinin aiki mai ɗaukar aiki ne ke nemansa, da sunansa yake ɗaure.

Ku kuma karanta kwantiragi da kyau a kan kuɗi. Da rufiya ake biya a nan, farashin gwamnati 15.42 ne a dala ɗaya, amma samun dalar a banki don aikawa gida wani aiki ne daban. Ku tambaya wa ke biyan masauki, wa ke biyan tikitin hutu, sannan a wane tsibiri za a ajiye ku, don Male, babban birnin ƙasar, daban, tsibirin da ke da mutum ɗari bakwai daban.

Duk da haka ban yi nadama ba. Ina jin kiran salla daga ɗakin allura, hutun mako Juma'a da Asabar ne, ba wanda ya taɓa kallon hijabina sau biyu, abin da ƙawata ba kullum take samu ba. Cutar talasimiya, wata cutar jini da ake gada, ta yi yawa a nan, kuma duk wadda ta yi jinyar masu sikila za ta gane idon uwar da ke kawo ɗanta ƙarin jini wata bayan wata. Na san kowane mai ciwon suga a tsibirin da sunansa da gidansa.

Mai niyyar Ingila ta sani shekarar da za ta yi a nan ba za ta ɗauke mata jarrabawa ko ɗaya ba, gara ta zauna ta fuskanci karatunta. Ni kwantiragina zai ƙare bayan azumi, na riga na cike takardar sabuntawa. Yarinyar da aka haifa a daren nan ta fara tafiya, jiya aka kawo ta rigakafi.