Ankon rigar sanyi na N95,000: wane irin sanyi ake yi a Sakkwato?

Ban so na sa baki a maganar hoton bikin nan ba, amma tun jiya abin yake ci mini rai. Ga wanda bai gani ba, ga abin da ke cikinsa. An jera abokan ango cikin jaket iri ɗaya, mai kumburi, mai gashi a wuya, sannan an yanke mutum guda daga gefen hoton, kafaɗarsa kaɗai ta rage. Laifinsa bai biya N95,000 na anko ba, ya zo da tasa ta gwanjo. Wannan wulaƙanci ne tsagwaronsa, kuma duk wanda ya ba da shawarar a yanke shi ya ji kunya.

Ni tambayata ɗaya ce, kuma har yanzu ban ga wanda ya amsa ta ba: wane sanyi ne a garin nan da zai ci naira 95,000?

Mu da aka haifa a nan mun san hunturunmu. Iska ce busasshiya da ke tasowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar hamada ta zubo mana, tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu. Ƙarfinta a Disamba da Janairu yake. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauko wajen digiri 15, wata rana ƙasa da haka kaɗan, amma kafin azahar ya haura 30. Wato sanyin da ake kashe wa wannan kuɗi na tsakanin sallar asuba da hantsi ne, sai kuma bayan isha'i. Da Maris ya kama, an shiga zafin da ke wuce digiri 40, rigar ta koma ƙasan akwati sai baɗi. Waɗannan manyan jaket masu kumburi an ɗinka su ne don mutanen Kanada da Rasha, inda ruwa ke daskarewa a kan titi. Ka sa ta a unguwar Gawon Nama da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, gumi zai jiƙa ka sharkaf, ka cire ta iska ta buge ka.

Kuɗin rigar sanyi da sanyin da za ka shiga ake auna shi. Wannan ita ce maganata, kuma ba zan sauka daga kanta ba.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. Ankon nan ya fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, dala kuma ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,000, wane magidanci ne bai rage cefane ba? Kwanon gero, kwalbar manja, kuɗin makarantar yara, kowanne ya ɗaga. A cikin wannan hali wasu suka zauna suka yanke cewa sai abokinsu ya zuba abin da ya fi albashin wata a kan rigar da zai sa na dare ɗaya, don hoto ya yi kyau.

Na ga masu cewa ai kuɗinsu ne, su yi yadda suka ga dama. Kuɗinsu ne, ban musa ba. Amma sun tsaya a kan kuɗinsu? Da sun saya sun sa sun yi shiru, da babu mai jin bakina. Aljihun wani suka shiga, da ya ƙi suka tozarta shi a gaban duniya. Don haka wannan hujja ku ajiye ta.

Wasu kuma sun ce mai tsada ta fi daɗewa. Wani lokaci haka ne. Sai dai rigar da ake sawa wata biyu a shekara, ita ma safe da dare, me zai cinye ta? In ta lalace, ajiya ce ta lalata ta. Irin masu ƙyalli ɗin nan da ake cewa fata ce, in suka kwana a akwati cikin zafin Afrilu da Mayu, ka buɗe a Disamba ka tarar bayan yana ɓarewa yana zuba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin masu ɗauke da manyan sunaye a ƙirji da ake sayar mana jabu ne. Tambarin kake biya.

Ranar Asabar na raka ƙanena Tsohuwar Kasuwa, wurin masu gwanjo, mun yi sa'a ana buɗe sabuwar dila. Dattijon mai rumfar ya zaro wata baƙar jaket mara nauyi, ya miƙa masa ya ce, "Ɗana, kafa bakinka ga yadin ka hura." Ya hura, ya sa tafin hannu ta ciki, iska ba ta ratsa ba. Dattijon ya ce, "To wagga ita ta hunturu. Sanyin garinmu iska na, ka tare ta ka gama." Ya juya cikinta ya nuna mana shafin, ya ja zif sama da ƙasa bai sarƙe ba, ya ja robar bakin hannu ta koma daidai, ya ɗaga hammata ga haske don mu ga ɗinkin bai buɗe ba. Wuyanta yana rufewa har haɓa. Abin da muka biya, har da suwaita da hular sanyi da safa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ankon can ba. Muka kai gida aka wanke da ruwan zafi, aka shanya a rana, aka goge. Masu cewa gwanjo na kawo ƙaiƙayi, ga maganinsa nan, ruwan zafi da rana, kuma rana dai ba mu rasa ta ba a Sakkwato.

Abin da dattijon nan ya faɗa shi ne ilimin gaba ɗaya. Singileti, riga, suwaita, sai jaket marar nauyi mai tare iska a sama. Rana ta ɗaga ka cire ta sama, ta ƙara ɗagawa ka cire suwaita. Ka rufe kunne, ka rufe ƙirji, ka sa safa. Kakanninmu da gwado da luru da rawani suka yi hunturu, mai hali ya ɗora alkyabba, kuma rawanin nan ya rufe kunne da hanci da baki daga ƙura fiye da duk wani gashin wuyan jaket.

Akwai wanda ya rubuto mini cewa gwanjo ne ya kashe masaƙunmu, kuma ma doka ta hana shigo da shi. Hanin yana nan a takarda, na sani. Amma jaket ɗin ankon ma daga waje aka kawo ta, ba a masaƙar Kaduna aka yi ta ba. Wannan muhawara ce ta wata rana.

Yanzu bari na faɗi wanda ya kamata ya kashe kuɗi sosai a kan rigar sanyi, don kada a ce ina gaba da abu mai kyau. Ɗan kabu-kabun da ke fitowa kafin gari ya waye, yana ɗaukar ɗalibai zuwa jami'a ta hanyar Dundaye, ya ratsa fadama iska tana dukan ƙirjinsa kai tsaye. Mai gadin da ke kwana a bakin ƙofa a kan benci. Manomin albasa a Wurno ko Kware ko Goronyo da ke shiga ban ruwa da sassafe, ƙafarsa cikin laka mai sanyi. Tsoho mai asma ko ciwon ƙirji da ba ya fashin jam'in asuba. Waɗannan in sun sami hali su sayi mai kauri, mai inganci, ko da ta ninka ta kowa tsada, domin lafiyarsu da abincinsu a kanta suke. Ga su kowace naira ta biya kanta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne su ne ke yawo da yagaggiyar suwaita, wani ma kwali yake cusawa a cikin riga ya tare iska, alhali mai fita daga ɗaki ya shiga mota ya rufe gilashi shi ne ke sanye da ta N95,000.

Kai da za ka saya, ka tambayi kanka ƙarfe nawa kake fita, a kan me kake tafiya, awa nawa kake yi a waje. Amsar ita za ta faɗa maka kuɗin. In ma'aikacin ofis ne kai, suwaita mai kyau da jaket marar nauyi sun ishe ka shekaru. In kana da yara, kada ka zuba kuɗi a kan ta yaro ɗan shekara biyar, baɗi ba za ta shige shi ba. Ka sayi mai ɗan girma, ƙanensa ya gada. In kuwa sai ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin abinci kafin ka saya, to ta fi ƙarfinka, ka bar ta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga abokan angon nan kuma, ina roƙonku don Allah ku je har gida ku ba wanda aka yanke daga hoton haƙuri. Ba a waya ba. Mutum ya bar aikinsa ya zo taya ku murna da abin da Allah ya hore masa. In har kuna da irin wannan kuɗi, na mutum ɗaya a cikinku zai tufatar da almajirai da dama a makarantar allon unguwarku, waɗanda ke kwana a zaure suna rawar ɗari har gari ya waye.

Tun da maganar hunturu ake, iyayenmu mata don Allah a daina kwana da kaskon garwashi a ɗaki an rufe ƙofa da taga. Hayaƙin gawayi ba ya wari, mutum yana barci zai illata shi, ga kuma katifa da labule kusa. Lokacin gobara ne wannan, komai ya bushe, iska na kaɗawa. Ba mu manta da wutar da ta ci Babbar Kasuwa a Janairun 2021 ba. A ɗumama ɗakin tun da wuri, a fitar da kaskon waje, a zuba masa ruwa kafin a kwanta. Masu dafa ruwan wanka da hita a bokitin roba su ma su riƙa cirewa daga soket in an ɗauke wuta, domin tsakar dare ake dawo da ita kowa na barci.